Shagon da ya haɗa mini sakamakon zaɓen kansiloli na 2020

A watan da ya gabata na buƙaci sakamakon zaɓen ƙananan hukumomin Nijar na ranar 13 ga Disamba 2020 a rubuce, domin wata tattaunawa da matasan unguwarmu suka shirya, sai aka kwatanta mini wani ƙaramin shagon buga takardu da fotokwafi kusa da babbar kasuwar Maradi. Na je ba tare da dogon buri ba, amma aikin da mai shagon ya yi mini ya cancanci a faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da ya fara yi mini: "Malam, na majalisar jiha kake so ko na magajin gari?" Tambayar tana kan hanya, domin a rana ɗaya aka kaɗa ƙuri'un biyu, makonni biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar dokoki na 27 ga Disamba, kuma har yau mutane da dama suna cakuɗa alƙalumansu. Ya nemo abin da hukumar zaɓe ta CENI ta bayyana, ya ware na da'irori 3 na birnin Maradi daban, na Tasawa da Madarumfa da Dakwaro daban, sannan ya jera jam'iyyu irin su PNDS Tarayya, MNSD Nasara da CPR Inganci, kowace da ƙuri'unta da kujerunta a layi guda. Wannan tsari ya sauƙaƙa mini yi wa matasan bayanin cewa jam'iyya ake zaɓa, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'u, daga baya kansiloli su zaɓi magajin gari a tsakaninsu.

Akwai inda ya gaza. Takardun dukkansu da Faransanci suke, kuma da na nemi ya fassara kanun da Hausa sai ya ce ba aikinsa ba ne. Sunayen ƙauyuka biyu ma sai da na gyara da alƙalami. Na kuma jira fiye da awa ɗaya saboda ɗaukewar wuta.

Kuɗin bai yi tsada ba, ɗinkin takardun kuma yana da ƙarfi. Tun da aka rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, samun alƙaluman a wuri ɗaya ya ƙara wuya, shi ya sa na roƙe shi ya adana kwafin a kwamfutarsa, kuma ya amince.