Filebon banila: mai etanol ko mai gilaikol?

Mai yin kek a Zariya, in kin shiga kasuwar Sabon Gari, juya kwalbar filebo ki karanta bayanta.

Wani filebon da etanol aka narkar da ƙamshinsa, sinadarin da ke sa maye a giya ke nan. A digiri 78 na ma'aunin Celsius yake tafasa, don haka gashi kan rage shi, ba wai ya kore shi kakaf ba. A kunun aya mai sanyi kuwa yana nan daram.

Wani kuma da firofilin gilaikol aka narkar da ƙamshinsa, ɗan dangin etanol ne, amma ba abin maye ba ne. Sai digiri 188 yake tafasa, ya fi jure wuta. Ni dai mai gilaikol nake saya.