Cire injin Golf 3: a fito da shi tare da giyabos, ko a raba su a cikin mota?

Wani ƙanenmu da ke koyon makanikanci a Tudun Wada ya tambaya: zai cire injin Golf 3 mai kuloci, 1.8, ya ɗora shi a kan sitan, wato ƙarfen da ake ɗaure inji a jikinsa ana juya shi, don a yi masa aiki, kuma wannan ne karonsa na farko. Shin ya bar giyabos a mota ya zaro injin kaɗai, ko ya fito da su a haɗe? Ƙane, duka biyun ana yi, amma a wannan mota shawararmu ka fito da su tare.

Kafin komai, aikin farko ɗaya ne a hanyoyin biyu. Cire kan batir na nagatif, juye baƙin mai da ruwan lagireto, kwance salansa daga manifol, cire tiyon fetur da wayar totur. Kowane soket ka manna masa tef ka rubuta inda ya fito. In da kwamfiresan AC, kwance shi ka ɗaure a gefe, kada ka saki gas. Wayar at, ta lantarki, da ke haɗa injin da bodi ita aka fi mantawa, sai an fara ɗagawa a ji ta tsinke.

Barin giyabos a mota yana rage maka aiki a ido: ba ka taɓa shaf, wato sandunan da ke juya tayoyin gaba, ba ka taɓa sandunan giya, nauyin da sarƙa za ta ɗauka ma ya ragu. Wahalar tana wajen rabuwa. Injin a kwance yake gicciye, kuma dole ya ja gefe a miƙe har sandar giyabos ta fita daga filet ɗin kuloci kafin a ɗaga, alhali wurin matsattse ne ta ɓangaren fuli. Sabon hannu yakan ja sarƙa tun sandar ba ta gama fita ba, nauyin injin ya rataya a kanta, filet ya lanƙwashe. Sannan kusoshin kik, wato na'urar da ke tayar da injin, su ne ke riƙe da ƙarfen kujerar injin ta gaba, kana kwance su giyabos zai sunkuya in ba ka tokare shi da jak da katako ba. Mayarwa ta fi cirewa wuya, domin kana laluben saiti ne a inda ido ba ya gani.

Fitowa da su tare ta fi yawan kwance-kwance, amma duk a fili kake yi. Golf 3 gabanta na cirewa: bamba, fitilu, lagireto da ƙarfen da ke riƙe da su, sai injin da giyabos su fito ta gaba ba sai an ɗaga su sama sosai ba. Shaf kuwa kusoshi shida ne kowane gefe a jikin giyabos, masu kai mai haƙora goma sha biyu. Share datti daga ramin kan, ka buga makullin ya zauna sosai. In ka sa alanki mai kusurwa shida za ka cinye kan. Bar ɗaya bakin shaf ɗin a cikin hob, wato cibiyar taya, ka ɗaure su sama da waya. Wannan yana da muhimmanci in da cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya, a kan ƙafa uku kake aiki, tunda motar za ka tura baya, kuma tura mota babu shaf a hob yana kashe boris ɗin taya. In kuren ne, wato na'urar ɗaga inji mai taya, a kan siminti kawai. A ƙasar gareji, balle da damina, tayoyinsa nutsewa suke ya kife. Ka kuma duba rubutun hannunsa: kuren tan 2 in an zaro hannun har ƙarshe rabin tan yake ɗauka.

Da sun fito, sauke su a kan tsohuwar taya, sarƙa na riƙe, ka raba giyabos a miƙe. Kulocin wannan mota a juye yake: fulawil ake fara cirewa, sai filet, sannan fireshan da ke ɗaure a karanshaf. Duk su fita kafin sitan, har da siririn farantin da ke tsakanin injin da giyabos.

Zare kan sitan ɗin ka ɗaura shi a injin tun yana rataye, hannuwa huɗu a ramukan kusoshin giyabos, sannan ka zura ƙafar. Kusoshin motar ba za su kai ba. Ɗauki ɗaya ka je kasuwar Panteka a ba ka irin zarensa mai tsawo, mai lamba 8.8 a ka, wanda zai shiga bulok aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa. Ka saita bututun juyawa ya ɗan haura layin karanshaf, don in tof silinda na kai nauyin a sama yake, kana zare fil zai wuntsila da hannunka. Sitan ɗin walda ba laifi in ƙarfen mai kauri ne kuma tayoyinsa huɗu. Mai taya uku saurin faɗuwa gare shi. Saki sarƙa a hankali, kada ka cire ta sai ka girgiza injin ka ga bai motsa ba. Sil ɗin bayan karanshaf sitan yana rufe shi, don haka sai injin ya koma kan sarƙa za ka sa sabo.