DHIS2 a asibitocin jihar Tawa: ta iya ƙidaya, amma ba ta san majiyyaci ba

Duk majon CSI, wato shugaban ƙaramin asibiti, ya san aikin ƙarshen wata. Rajistoci a baje kan tebur, na duba marasa lafiya, na awon ciki, na rigakafi, na tamowa, ana bin layi ɗaya bayan ɗaya ana jan sanda, huɗu a tsaye, ta biyar a gicciye. Da wannan ƙidayar ake cike rahoton wata, shi kuma rahoton a zuba shi cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke kula da ita, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ta ɗauka don tattara alƙaluman gundumomin lafiya 72 na ƙasar, 13 daga cikinsu a jihar Tawa.

Inda ta cancanci yabo, ta cancanta. A da takarda ke tafiya daga CSI zuwa gunduma, zuwa Tawa, zuwa Yamai, kowane mataki a sake kwafa, kuskure ya haifi kuskure. Yanzu shigarwa ɗaya ce, duk mai izini ya gani. Tana kuma da ƙa'idojin tantancewa: in ka rubuta cewa waɗanda gwajin jini na nan take (TDR) ya nuna suna da masassarar cizon sauro sun fi waɗanda aka gwada yawa, za ta ja hankalinka. Wadda ake sawa a waya tana aiki ko babu rezo, abin da ma'aikacin Tiliya ko Tasara ya fi kowa sanin darajarsa.

Tuntuɓen da aka fi yi ƙananan abubuwa ne. Barin gurbi fayau daban yake da rubuta sifili: fayau na iya nufin ba a duba ba, sifili na nufin an duba babu. Wani ya cike komi ya manta danna maɓallin kammalawa, sai gunduma ta ga kamar bai kawo rahoto ba. Wani ya zuba alƙaluman Satumba cikin Oktoba don bai dubi watan da ke saman shafi ba. Mafi ciwo shi ne na waya: abin da aka shigar babu rezo yana nan kwance cikinta, in aka goge manhajar ko wayar ta mutu kafin a tura, aikin ya tafi. A tura duk sanda rezo ya samu, a kuma caja waya tun kuran na nan.

Akwai laifin da ba na manhajar ba, amma a fuskarta yake fitowa. Yawan jama'ar da ake raba alƙaluma da shi hasashe ne daga ƙidayar 2012. A Ƙonni, inda ake ƙetaro iyaka neman magani, ko Abalak da makiyaya ke cikawa da damina, rigakafi kan iya wuce kashi 100 cikin 100 ba tare da an yi ƙarya ba.

Babban giɓin dai shi ne rahoton wata jimilla yake ɗauka, babu suna. Ya san mata nawa suka zo awon ciki na farko a Buza, bai san Allah ya yi wata daga cikinsu mai hawan jini ba. In naƙuda ta yi gardama aka tura ta Tawa, abin da ungozoma za ta dogara da shi karne ne, ɗan littafin lafiyar da ke hannunta, da takardar turawa, in ba a baro su gida ba. DHIS2 tana da sashen Tracker mai bin mutum ɗaya-ɗaya, sai dai yana son lambar shaida wadda ba ta sauyawa. A garin da Hadiza Abdu ta kai goma, da yawa kuma ba su da takardar haihuwa, suna da shekaru ba su isa ba. Fayil biyu zai buɗe wa mutum ɗaya, ko ɗaya ya haɗe mutum biyu. Wannan ya wuce ƙarfin majo. Zance ne na ma'aikatar lafiya, da masu rajistar haihuwa, da hukumar HAPDP mai kare bayanan mutane, wadda ke da ta cewa kan wa zai ga sakamakon gwajin wani.

Don lissafin gunduma da hango annoba, ta biya. Don jinyar mutum guda, a ci gaba da cike karne da rubutun da ake iya karantawa, a sa kwanan wata da sunan magani, a gaya wa uwa ta ajiye shi cikin leda.