Tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka da aka sake bugawa: wanne za a saya, kuma faifai ko sidi?

Duk wanda ya tashi da kiɗan James Brown da na kamfanin waƙoƙi na Motown a rediyo ya san manyan sunaye ne kawai. A bayansu akwai ɗaruruwan ƙananan kamfanoni na baƙaƙen Amurka, waɗanda wani malamin makaranta ko mai gabatar da shiri a rediyo ko mai gyaran kayan lantarki ya kafa da kuɗin aljihunsa, ya buga faifai 500 ko 1,000, ya sayar a unguwa, daga nan labarin ya ƙare. Su ne kamfanin Numero Group na Shikago, wanda aka kafa a 2003, yake tonowa yana sake bugawa. Uku daga cikin tarinsa muka ɗora a sikeli, da idon mai saye da ke zaune a Katsina ko Daura, inda zafi da ƙura da wutar lantarki suke da ta cewa a kan abin da ya kamata a kashe wa kuɗi.

Na farko shi ne Eccentric Soul: The Capsoul Label, wanda ya fito a 2004, kuma shi ne lamba 001 a jerin kamfanin. Kamfanin Capsoul na Bill Moss ne, mai shiri a gidan rediyon WVKO da ke Columbus a jihar Ohayo, kamfanin ya yi aiki daga 1970 zuwa 1974. Kiɗan sol ne mai taushi: murya huɗu ko biyar a haɗe, goge a baya, ganga ba ta cika kunne. Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne ruwa ya lalata uwayen tef na kamfanin, wato ainihin tef ɗin da aka ɗauki waƙoƙin a kai, tun da daɗewa, don haka daga tsofaffin ƙananan faifai aka kwashi sautin. Wannan ke sa a ji 'yar ƙara-ƙara kafin waƙa ta fara, kuma inda mawaƙi ya ɗaga murya sosai wajen ƙarshen waƙa sai sautin ya ɗan dishe. Ba lasifikarka ce ta fashe ba. Layin faifai yana matsewa idan allura ta kusa tsakiya, kuma da yawa daga ƙananan faifan Amurka na lokacin da wata roba mai saurin cinyewa aka yi su. Mun yaba da yadda ba su kankare ƙarar gaba ɗaya da kwamfuta ba, domin idan aka matsa wa wannan wanki, yana tafiya da kaifin muryar da amon faranti na mai ganga, waƙa ta koma kamar daga cikin tulu.

Na biyu, The Deep City Label, na 2006, ya fi zafi. Willie Clarke da Johnny Pearsall, malaman makaranta biyu da suka haɗu a jami'ar Florida A&M, su suka kafa Deep City a bayan shagon sayar da faifai na Pearsall a Miyami, a tsakiyar shekarun 1960. Masu busan da aka ji a ciki da dama sun fito ne daga ƙungiyar badujala ta jami'ar, shi ya sa ƙahonnin ke zuwa gaba da ƙarfi kamar ana fareti. A nan Betty Wright ta fara ɗaukar waƙa da sunanta tana ƙaramar yarinya, ga kuma Helene Smith, wadda muryarta ce ginshiƙin tarin. Rauninsa a ɗauka yake: wani lokaci masu busa su danne mai waƙa. Wanda ke son kiɗan motsa jiki, wannan ne nasa.

Na uku shi ne wanda ya fi cancantar kuɗinsa: Boddie Recording Company: Cleveland, Ohio, na 2011, sidi uku ko manyan faifai biyar. Thomas Boddie mai gyaran ogan ne da ya san lantarki ciki da waje, ya haɗa yawancin kayan situdiyonsa da hannunsa a bayan gidansa, matarsa Louise tana riƙe da ofis. Sun yi aiki daga 1958 zuwa 1993, daga baya har da injin buga faifai nasu na kansu, abin da da wuya a samu a hannun baƙar fata a wancan zamani. Suna da tambari daban-daban: Soul Kitchen da Luau na waƙoƙin duniya, Bounty na waƙoƙin bishara. Saboda tef ɗinsu da takardunsu sun tsira, sautin nan ya fi na Capsoul tsabta, kuma akwai waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba. Ɓangaren bisharan ne ya fi kama zuciya: ƙungiyoyin coci na unguwa, jagora yana bayarwa 'yan amshi suna karɓa, tafi da ogan, ba kwalliya. Kunnen da ya saba da waƙar Shata da 'yan amshinsa zai gane tsarin nan take. Ba kowace waƙa ce ta kai ba. Duk wanda ya biya kuɗin ɗauka Boddie yana ɗaukarsa, don haka akwai masu kuskuren murya a tsakani. Amma ko su suna nuna yadda ƙaramin situdiyo ke rayuwa.

A faɗa a fili don kada a saya bisa rashin sani: waƙoƙin bishara yabo ne da addu'a irin na Kirista. Wanda ba ya son su ya tsaya a kan Capsoul da Deep City, babu su a ciki. Wanda kuwa su yake nema, kamar mawaƙan majami'u na cikin gari, ya ƙara da Good God! A Gospel Funk Hymnal na 2006, ko tarin sidi uku na kamfanin Tompkins Square mai suna This May Be My Last Time Singing, wanda ya kwaso ƙananan faifai daga 1957 zuwa 1982. Kada a sa ran samun manyan ƙungiyoyin Peacock, kamfanin da Don Robey ya kafa a Houston a 1949, ko na Vee-Jay na Vivian Carter da James Bracken na 1953, a cikin waɗannan. Haƙƙin waɗancan yana hannun manyan kamfanoni, daban ake sayar da su.

Rabin darajar waɗannan tarin a ɗan littafin da ke ciki take: hotuna, sunayen makaɗa, shekarar ɗauka, da yadda kamfanin ya durƙushe. Numero na bin sawun mawaƙan ko magadansu ya ƙulla yarjejeniya da su kafin ya buga, wanda shi ne bambancinsa da tarin sata da ke yawo ba suna ba shekara. Aibin littafin na sidi shi ne rubutun ƙanana ne ƙwarai, kuma duk da Turanci.

To, faifai ko sidi? A nan garin, sidi ko saukewa ta intanet. Babban faifai yana lanƙwashewa idan ya sha zafi. A bar shi cikin mota a rufe a watan Afrilu, ko jingine da bangon da rana ke duka, ya tashi daga aiki, kuma ba ya miƙewa yadda yake. Akwatin faifai biyar nauyi ne da shi, kuɗin aikowa daga waje kan kusa na kayan. Ga sautin Capsoul kuwa, tunda daga faifai aka kwashe shi, sake sa shi a faifai ƙarin ƙara ne kawai a kan ƙara.

Wanda duk da haka ya ƙudura sai garmaho, ga inda ake yin asara. Na'urar da aka yi wa Amurka tana cin wuta 120 ne, tamu 230. A jona ta kai tsaye, ta ƙone. Tiransifoma na rage wuta yana magance wannan, amma ba ya gyara gudu. Wutar Amurka na kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma tsofaffin na'urori masu motar da ke bin kaɗawar wuta za su juya a kashi biyar cikin shida na gudunsu: maimakon 33 da sulusi a minti sai ƙasa da 28, maimakon 45 sai 37 da rabi. Muryar mace ta yi kauri. Ƙaramin janareta ma haka yake sa waƙa ta riƙa lilo duk lokacin da aka kunna firiji. A nemi na'ura mai adafta da aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinta, a kuma ba ta wuta ta inbata. Sannan a duba ko tana da ƙaramin amfilifaya na allura a ciki. Idan babu, aka jona ta a ramin da ake sa wayar hannu a jikin lasifika, sauti zai fito siriri, ƙasa-ƙasa, ba kauri.

Da hunturu, busasshiyar iska na sa faifai ya riƙa jan ƙura da kansa. A share shi da buroshi mai laushi kafin kowane sauraro, a bi zagayen layi, ba a tsallake shi ba. Idan sai an wanke, a yi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, wanda ba asid a ciki. Ruwan rijiya na barin gishiri a layi. A jera faifai a tsaye, kada a tara su kwance. Kada a ɗora kwabo a kan hannun allura don ta daina tsalle, nauyin da ya wuce wanda masu ƙera ta suka rubuta yana cinye layin. Allura ma tana ƙarewa, a canza ta tsakanin awa 500 zuwa 1,000 na aiki.

Wanda zai sauke ta intanet, shafin Bandcamp na ba da zaɓi: MP3 mai lamba 320, mafi ingancinsa, na cin kusan megabait 144 a awa ɗaya, FLAC, tsarin da ba ya rage ingancin sauti, ya ninka haka ko fiye. Ga waƙoƙin irin waɗannan ƙananan kamfanoni, MP3 ɗin ya isa, sai dai a tabbatar katin banki na biyan dala kafin a fara. Idan kuɗin tari ɗaya ne a hannu, a ɗauki Boddie a sidi, saboda littafinsa. Capsoul da Deep City a fara jin su a Spotify ko YouTube tukuna.