Rigar Vidic ta 2008 daga wani shago a Birnin Kebbi

Akwai wani ɗan shago cikin Babbar Kasuwar Birnin Kebbi da ke sayar da rigunan ƙwallo na da, irin waɗanda ake sake bugawa. Can na samo jar rigar Manchester United ta 2008, mai AIG a ƙirji, da sunan ɗan wasan baya Vidic da lamba 15 a baya.

Mai shagon yaro ne, amma ya san kayansa. Ina ɗaga rigar ya ce, "Yaya, da irinta suka doke Chelsea a Mosko." Gaskiyarsa kuwa, da bugun fanareti aka raba gardama ranar, a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai. Ga Vidic ma Mosko kamar gida ne, tunda daga ƙungiyar Spartak ta Mosko ne United ta ɗauko shi a Janairun 2006, bayan ya taso a Red Star ta Belgrade, can Sabiya. Sau 5 ya ci kofin Firimiya, ya riƙe kyaftin, sannan ya koma Inter Milan a 2014. Wanda bai ga zamaninsa da abokin tsaronsa Ferdinand ba, bai ga tsaron baya ba.

Yadin marar nauyi ne, iska na ratsa shi, abin da ake so a zafin Kebbi. Ɗinkin hammata ya kamu sosai, jan ma bai zuba ba. Sai dai lambar ta fara ɓamɓarewa daga kusurwa tun wankin farko, don haka a juya cikinta waje kafin wanki, kada kuma dutsen guga ya taɓa rubutun. Tana matse ƙirji, gara a ɗauki ta gaba da wadda aka saba sawa. Kuma a yi ciniki, mai shagon yana ragewa.