Durowar Gefen Gado: Katakon Ingila da Kafintan Gida

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya shirye-shiryen biki? Allah ya kai mu lokacin, ya sa a yi da mu.

Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko zan auno wa 'yarmu ƙananan kayan ɗaki daga nan Manchesta, musamman durowar gefen gado irin wadda ka hango a hoton ɗakina. Shawarata ita ce kada a ɗauko komai daga nan. Ita kanta wadda ka gani ɗin ba sayenta na yi ba, da hannuna na haɗa ta, kuma a wajen haɗa ta ne na fahimci abin da mutanen nan suka fi mu da abin da muka fi su.

A ƙasar nan talaka da mai matsakaicin hali ba su da kafinta. Kayan ɗaki a kwali ake sayar da su, falle-falle, da ledar sukurori da ɗan makulli mai lanƙwasa da takardar zane, mutum ya je gida ya ɗaura da kansa. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, shi ya yaɗa wannan ɗabi'a a duniya. Yadda suke ba da labarin, a 1956 wani ma'aikacinsu mai suna Gillis Lundgren ya kasa shigar da wani ɗan tebur cikin mota, sai ya cire masa ƙafafu, daga nan dabarar ta samo asali. Shagonsu na farko a Birtaniya a Warrington suka buɗe shi a 1987, tsakanin garin nan da Libaful. Akwai wani ɗan teburinsu da ake kira LACK, kuɗinsa bai kai ladan aikin awa ɗaya ba. In ka ɗaga shi ba nauyi, don cikinsa takarda ce aka saƙa gida-gida, aka rufe sama da ƙasa da siririn allo.

Gaskiya tsarin yana da abin yabo. Kowane rami yana inda aka ce yake, kowace ƙafa tsawonta ɗaya da 'yar'uwarta. Ba ciniki, ba kafin alƙalami, ba "dawo jibi". In ta intanet ka saya, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa ko da ba dalili, in kuma kayan na da aibi kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka cif.

Matsalar tana cikin jikin allon. Yawancinsa ɓarɓashin katako ne da dusarsa aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai zanen itace. Durowata ta farko daga wani kanti na intanet na saye ta, kuma ta yi kyau a ido har ranar da muka sauya gida. Ana sauke ta daga mota sukurori biyu suka fito da garin allon a jikinsu. Ramin da ya rududduge ba ya sake riƙe sukuru. Gefen da ruwan kofi ya taɓa kwanciya kuwa tuni ya kumbura ya ɗaga ledar. Na nemi mai gyara, babu. Nan ba a gyara irin wannan, jefarwa ake yi, kuma in kayan manya ne, a wurare da yawa sai ka biya ƙaramar hukuma ta zo ta kwashe.

Sai na nemi kafinta na gaske. Akwai su, kuma gwanaye ne, amma aikinsu na masu hali ne. A Afrilun 2025 doka ta sa mafi ƙarancin lada a kan fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21, mai sana'ar hannu kuwa yana ninka wannan, ga hayar shago, ga inshora, ga haraji. Kuɗin da mutumin ya faɗa mini a kan durowa ɗaya ya isa a yi wa amarya gado a Kano, kuma ya ce sai na bi layi na watanni. Ban ga laifinsa ba, haka rayuwar take da tsada a kansa shi ma.

Wani maƙwabcina dattijo ne ya kai ni wani ɗakin aiki na unguwa, irin waɗanda suke kira Men's Shed. A Ostareliya aka fara su, yanzu sun bazu a Birtaniya. Yawanci tsofaffi ne da suka yi ritaya suke taruwa, akwai injin yanka da na gogewa da kayan aiki iri-iri, ka ba da ɗan abin da ba a rasa ba ka yi aikinka, su kuma su sami abokin hira. A nan na yi durowar.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shagon katako. Yawancin katakon da ake sayarwa don aikin cikin ɗaki an riga an busar da shi a ɗakin zafi kafin ya iso kasuwa. Dattijon nan yana da wata 'yar na'ura mai allura biyu, ya soka a jikin itacen ta nuna yawan danshin da ke ciki. Ya ce don kayan ɗaki ana son ya tsaya tsakanin kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. Duk da haka bai bar ni na fara yanka ba, sai da ya sa na jingine katakon a ɗakin da durowar za ta zauna ya yi mako biyu. Dalilinsa shi ne na'urar ɗumama ɗaki tana tsotse danshin iska lokacin sanyi, aikin da hunturu yake yi mana a gida ke nan, kuma itacen da bai saba da iskar ɗaki ba zai motsa bayan an gama aiki. Awonsu da milimita ne. Filawud ɗin da muke ce wa takwas-da-huɗu, nan 2440 da 1220 aka rubuta a jikinsa, tu-bai-tu kuma in an goge shi yana dawowa wajen milimita 44. A wasu manyan shagunan kana miƙa takardar awonka, su ɗora fallen a inji su yanka maka kafin ka biya.

Tsayin durowar santimita 60 na yi, daidai da katifa, faɗi 45, zurfi 40. Ƙafafu huɗu na tu-bai-tu, aljihu biyu a sama, kanta ɗaya a ƙasa ta ajiye littafi da Alƙur'ani. Gangar jikin ba ta da wuya, ƙananan turakun katako ne da gam, a matse a bar shi ya kwana. Aljihun ne wurin da ake gane aiki. Ƙarfen da aljihu ke gudu a kai yana cin rabin inci a kowane gefe, wato milimita 12.7, don haka dole akwatin aljihun ya gaza bakin raminsa da inci ɗaya daidai. In ya ɗara ya cije, in ya gaza ya yi ta karkarwa. Kafin gam ya kama, dattijon ya miƙo mini tef ya ce in auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan in auna ɗaya ɓangaren. Akwai bambancin milimita uku. Ya sa tafin hannu ya ɗan tura kusurwa mai tsawon, muka sake aunawa, suka zo ɗaya. Da aka sa aljihun, da ɗan yatsa na tura shi ya shige har ƙarshe ba ƙara.

Saman durowar ma akwai hikima. Itace yana buɗewa yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Saboda haka ba a manne saman da gam, ramukan sukurorin ake ɗan tsawaitawa don allon ya sami wurin motsi in yanayi ya juya. Daga nan sai samfefa, mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 80, 120, 180, sannan mai.

Da farin itacen fain na yi, irin wanda ake kawowa daga ƙasashen arewacin Turai, don shi aljihuna ya iya. Yana da sauƙin aiki amma yana da taushi, farce ma yana yi masa tabo. A can ƙuryar shagon kuwa, inda ake ajiye katako mai daraja, me zan gani? Iroko, wato lokonmu, da wani jan katako da suke kira sapele, sunan garin Sapele na jihar Delta, inda aka daɗe ana fitar da katako da filawud zuwa Turai. Kuɗinsu ya ninka na fain nesa ba kusa ba, da su masu kuɗi suke yin ƙofofi da tagogi da saman kantar kicin. Na daɗe a tsaye ina shafa su, raina ba daɗi. Itacen yankinmu ne ake tattalinsa haka, mu kuma muna tara kuɗi mu sayo wa 'ya'yanmu matsattsiyar dusa daga waje don tana ƙyalli, wadda ruwan goge ɗaki kaɗai ya isa ya kumbura mata ƙafafu kafin a yi suna na fari.

Kafintanmu na bakin layi, wanda ya yi wa Hajiya sif ɗin da har yau yake tsaye, ya fi ni iya aiki sau ɗari, kuma ban ga abin da tsofaffin nan suka fi shi da shi a hannu ba. Zai zo gida ya auna, ya yi maka daidai da ɗakinka, ya yi maka lamuni, in abu ya lalace bayan shekara biyar ka aika yaro ya kira shi. Wannan a nan ko da kuɗinka da wuya ka samu. Abin da yake kayar da shi ɗanyen katako ne. Ana sauke shi daga tirelar kudu a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo da ruwansa, a saya yau a yanka gobe, hunturu na busawa allo ya tsage, aljihu ya karkace, a ce kafinta bai iya ba. Ga rashin wuta da ke sa aikin kwana uku ya kai mako. Mu masu ba da aiki ma muna da namu, don sai biki ya rage wata ɗaya muke zuwa muna azalzalarsa.

Tunda akwai sauran watanni, ga abin da nake roƙo. Ku je 'yan katako tare da kafintan tun yanzu, ya zaɓi maɗaci ko loko da idonsa. A jera su a zaure, a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane falle da na samansa don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a kai. Su sha iskar hunturun nan gaba ɗaya kafin zarto ya taɓa su. Bayan durowa da ƙasan aljihu filawud mai kyau ya wadatar. Zan turo maka zanen da awon ta WhatsApp, da inci na rubuta don kada ya sha wahala. Ƙarfen aljihu da maɗauri da 'yar na'urar auna danshi su ne kawai zan aiko da su ta hannun mai zuwa, na'urar kuma kyauta ce gare shi, ya riƙe.

In za a yi mata doguwar durowa ta tufafi, a ɗaure bayanta da bango. A 2016 sai da IKEA ta janye irin waɗannan har miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara ƙanana sun yi ajalinsu, yaro ne yake jawo aljihu ya taka. Gidan amarya ba a daɗewa sai ka ga mai rarrafe, in Allah ya yarda.

Ka faɗa mini abin da katakon ya kama in turo nawa gudummawar. A gaida Hajiya da kyau, a ce ina neman addu'a. A gaida amarya da iyayenta mata.

Naka ƙane.