Akwatin fina-finan Ingmar Bergman na Criterion: wanda ya saya don labaran mata bai yi asara ba

Kamfanin Criterion ya fitar da wannan akwati a 2018, lokacin cikar shekara 100 da haihuwar Bergman, daraktan fim ɗan ƙasar Suwidin: fim 39 a faifan Blu-ray 30, da littafi mai shafi 248. A yawancinsu magana da harshen Suwidin ake yi, fassarar ƙasan allo kuma ta Turanci ce. Na'urar DVD ba ta karanta waɗannan faifai, sai ta Blu-ray.

An jera fina-finan kamar shirin bikin fim, ba bisa shekarun fitowarsu ba. Shawarata, a bar wannan jeri a fara da Autumn Sonata na 1978. Uwa ce shahararriyar mai kaɗa piyano (jaruma Ingrid Bergman ce ta fito a matsayinta), ta ziyarci 'yarta (jaruma Liv Ullmann), bayan shekara 7 ba su haɗu ba. 'Yar ta kaɗa wani kiɗan Chopin, uwar ta zauna kusa da ita ta sake kaɗa shi don ta nuna mata yadda ake yi. Kyamara ba ta bar fuskar 'yar ba, kana ganin yadda take shanye abin, tana kallon uwar da so da tsoro a haɗe. Wannan wuri kaɗai ya biya kuɗin faifan.

Sai Cries and Whispers na 1972, labarin mace da ke jinyar ajali, 'yan'uwanta biyu sun kasa ko rungumarta, sai 'yar aikin gidan. Bango ja, labule ja, wannan hoto ne ya kawo wa mai ɗaukar hoton fim ɗin, Sven Nykvist, kyautar Oscar. Idan talabijin na kan saitin launi mai ƙarfi, jan zai cinye fuskoki, don haka a mayar da shi saitin sinima. Ba na kallo da yara ba ne.

Persona na 1966 baƙi da fari ne, hotonsa kuma ba ya cika faɗin allo, kada a ja shi, fuskoki za su baje. A tsakiyarsa hoton zai tsage ya ƙone. Faifan lafiyarsa lau, haka aka shirya fim ɗin.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne aljihun kwalin da aka zura faifan a ciki: sai an kama gefen faifai an zaro a hankali, in ba haka ba ya karce. Face to Face na 1976 ma babu shi a akwatin, alhali yana cikin manyan wasannin Ullmann.